Saita rediyon na'urar Wi-Fi: tambayoyin da ake yawan yi da amsoshinsu

Waɗannan tambayoyi ne da ke ta maimaituwa a bakin masu shagon kwamfuta, da masu kula da intanet a makarantu da otal-otal da ofisoshi, da magidantan da suka sayi rauta, wato na'urar da ke raba intanet ta Wi-Fi, suka ga ba ta kai inda suke so ba. Shafin saitin na'urorin da Turanci yake zuwa, saboda haka na bar sunayen saitunan yadda za ka gan su a allo. Tsarin shafin TP-Link daban yake da na MikroTik ko Ubiquiti ko Huawei, amma abin da ake saitawa ɗaya ne.

Wai wane rediyo ne a cikin na'urar Wi-Fi, kuma ta ina ake shiga a saita shi?

Rediyo ne na gaske, mai watsawa kuma mai karɓa, sai dai bayanai yake ɗauka ba murya ba, kuma zangonsa ya fi na FM nesa ba kusa ba. FM yana wajen megahaz 88 zuwa 108, shi kuwa Wi-Fi yana wajen 2,400 da kuma 5,000 da ɗoriya. Na'ura mai zango biyu, rediyo biyu ne a cikinta, kowanne da nasa saitin. Abin da za ka riƙe tun daga nan shi ne, a tasha ɗaya bi-da-bi ake magana. Kowace waya sai ta saurara tukuna, in ta ji ba mai aikawa sannan ta aika nata. Kusan duk abin da ke ƙasa maganar rabon wannan lokaci ne.

Haɗa kwamfuta da na'urar ta kebul, ka buɗe burauza, ka rubuta adireshinta. Yawanci 192.168.0.1 ne ko 192.168.1.1. Na MikroTik 192.168.88.1 ne, na Huawei masu cin SIM kuma 192.168.8.1. Takardar da ke manne a ƙasan na'urar tana ɗauke da adireshin da kalmar sirrin shiga. In ka shiga, nemi Wireless, sannan Advanced ko Radio. Su UniFi na Ubiquiti da Omada na TP-Link ta manhajarsu ake saita su.

Da zangon 2.4 da na 5, wanne ya fi?

Kowanne da inda ya fi. Zangon gigahaz 2.4 ya fi ratsa katanga da tafiya nesa, kuma kusan duk na'urar da ke da Wi-Fi ta san shi: tsofaffin wayoyi, firinta, kyamarar tsaro, na'urar POS. Matsalarsa ƙunci da cunkoso. Bluetooth yana ciki, na'urar ɗumama abinci a 2.45 take aiki, har kebul ɗin USB 3.0 mara kyau yana iya zuba hayaniya a wurin. Zangon gigahaz 5 yana da tashoshi da yawa, ya fi gudu, amma katangar bulo biyu ko dekin bene sukan rage shi ƙwarai.

Ka kunna duka biyun. Wayoyi da laftof da talabijin su hau 5 muddin suna samunsa, 2.4 ka bar wa na nesa da waɗanda ba su san 5 ba. Akwai na uku, gigahaz 6, wanda Amurka ta buɗe a 2020, shi ne Wi-Fi 6E da Wi-Fi 7 ke amfani da shi. Sai na'urarka da wayarka da dokar ƙasarka duk sun yarda da shi kafin ka gan shi.

Wace tasha zan zaɓa a 2.4? Na ga an jera daga 1 har 13.

Zaɓi 1 ko 6 ko 11, kada ka ƙara da wata. Dalilin lissafi ne. Tsakanin kowace tasha da mai bi mata megahaz 5 ne kacal: ta 1 tana kan 2412, ta 2 tana kan 2417, haka har ta 13 a kan 2472. Amma siginar kanta faɗin megahaz 20 take ci. Ke nan wanda ke kan ta 3 ya shiga cikin ta 1, ya kuma shiga cikin ta 6. Uku ne kawai suka yi nisan da ba sa taɓa juna: 2412 da 2437 da 2462.

Nan ne mutane da yawa ke yin abin da suke gani dabara ce. Mutum ya duba ya ga maƙwabta sun cika 1 da 6, sai ya ce bari in tsaya a 3 ko 4 tunda ba kowa. Wannan ya fi muni a kan ya zauna tare da su. Na'urori biyu da ke tasha ɗaya suna jin juna, suna fahimtar juna, ɗaya tana jiran ɗaya ta gama. Amma in rabin siginarka ne ya hau kan ta maƙwabcinka, ba ku fahimtar juna, kowa hayaniya yake ji daga ɗan'uwansa. Saƙo ya lalace a hanya, a sake aikawa, ya sake lalacewa, gudu ya faɗi a gidaje biyu ko uku lokaci ɗaya. Gara ka raba tasha da maƙwabci mai raunin sigina a kan ka tsaya a tsakani.

Tashoshi 12 da 13 kuma suna da wata matsalar daban, duba amsar da ke kan zaɓin ƙasa.

Me zai hana in bar shi a Auto kawai?

A gida mai rauta ɗaya, a unguwar da ba cunkoso, Auto ya wadatar. Amma yawancin ƙananan na'urori lokacin da suke tashi kaɗai suke duba iska su zaɓi tasha, daga nan sun zauna ke nan. Ka kwatanta filaza mai shaguna da yawa da aka ɗauke wa wuta. Ana dawo da ita duk rautocin suka tashi a daƙiƙa ɗaya, kowacce ta saurara ta ji shiru, saboda sauran ma ba su fara watsawa ba. Sai ka tarar da rabinsu sun faɗa tasha ɗaya, wasu kuma sun zaɓi 4 ko 9. Gobe da aka koma janareta, rabon ya sake canjawa. Shi ya sa mai shago zai ce maka jiya lafiya lau, yau ba ya tafiya, alhali ba wanda ya taɓa komai. A irin wannan wuri ka kafe tashar da hannunka, in da hali ma ku yi magana da maƙwabtan ku raba 1 da 6 da 11 a tsakaninku.

Ta yaya zan ga tashoshin da maƙwabta ke kai?

A Android akwai manhajojin duba Wi-Fi na kyauta da ke zana kowace sigina a kan tasharta. A iPhone, saukar da AirPort Utility, ka kunna Wi-Fi Scanner a cikin saitin wayar. A Windows, buɗe Command Prompt ka rubuta netsh wlan show networks mode=bssid. Ka yi duban a inda ake zama a yi aiki, ba a gindin rautar kaɗai ba, kuma a lokacin da mutane suka fi hawa. Kada yawan sunaye ya tsorata ka: suna goma masu rauni ba su kai ɗaya mai ƙarfi da ake kallon bidiyo a kansa damuwa ba.

Faɗin tasha fa? Ba 80 ko 160 ya fi 20 gudu ba?

A takarda haka ne. Channel Width shi ne faɗin da siginar ke ci, kuma in ka ninka shi, gudun da ke tsakanin waya da na'ura yakan ninku. Sai dai akwai abin da ake biya. Duk ninki ɗaya yana ƙara hayaniyar da rediyon ke kwasa da desibel 3, don haka nisan da ake samun sigina mai tsabta yana raguwa. Sannan tasha mai faɗi tana shiga gonar maƙwabta da yawa, duk wanda ya yi magana a cikinsu sai an jira shi.

A 2.4 ka sa 20, ba 40 ba, ba kuma 20/40 ba. Tashar 40 ita kaɗai tana cinye wajen rabin zangon. A 5, in na'ura ɗaya ce a gida kuma maƙwabta ba su matse ka ba, 80 ya yi. In kana da na'urori uku ko huɗu a gini ɗaya, sauko 40. A ɗakin kwanan ɗalibai ko zauren taro mai na'urori da yawa, 20 ya fi. Ka lura cewa tashoshi 36 da 40 da 44 da 48 gaba ɗayansu tashar 80 guda ɗaya suke bayarwa, 149 zuwa 161 kuma su ba da ta biyu. Waɗanda ke tsakaninsu duk suna cikin yankin da ake rabawa da na'urorin rada. Ita kuwa 160 a zangon 5, da wadda ta tashi daga 36 zuwa 64 da wadda ta tashi daga 100 zuwa 128, kowacce ta taɓa yankin, duba amsar da ke kan Wi-Fi na 5 mai ɓacewa.

Kafin ka ƙwallafa rai a kan 160, tambayi kanka nawa layin intanet ɗinka ke kawowa. Wanda kamfani ke ba shi megabit 30 a daƙiƙa, tashar 20 mai tsabta ta ishe shi har da saura.

Na sa Transmit Power a High, sandunan sigina sun cika, amma a ɗakin baya shafi ba ya buɗewa. Me ya faru?

Wannan ita ce tambayar da na fi so a fahimta, domin a nan aka fi yin ɓarna da kyakkyawar niyya. Wi-Fi zance ne na kai da komowa. Sandunan da ke kan wayarka suna nuna yadda wayar ke jin na'urar ne kawai, ba sa nuna yadda na'urar ke jin wayar. Mai lasifika a bakin fili, na can ƙarshen fili yana jin sa tangaram, amma in ya amsa da bakinsa muryar ba za ta iso ba. Waya ƙaramar eriya gare ta, tana kuma tattalin batir, ƙarfinta bai kai na na'urar ba. Kowane saƙo da na'urar ta aika sai wayar ta amsa cewa ya iso. In amsar ba ta zo ba, a sake aikawa, a rage gudu, a sake. Lokacin da ake ɓatawa a kan wayar ɗakin baya kuwa, daga rabon kowa ake cire shi, har na wanda ke zaune a falo.

A gini mai na'urori da yawa ɓarnar ta fi haka. Ƙarfi mai yawa yana sa na'urorinka su riƙa jin juna suna jiran juna, yana kuma sa waya ta manne wa ta nesa ta ƙi komawa ta kusa. A nan ka fara da wajen 11 zuwa 14 dBm (ma'aunin ƙarfi, duba amsa ta gaba) a 2.4, da 17 zuwa 20 a 5, sannan ka zagaya ka gwada. Na 2.4 ya kasance ƙasa da na 5 da kamar desibel 6, don kada wayoyi su riƙa ganin 2.4 ya fi ƙarfi su gudu can. In Low da Medium da High kawai na'urarka ke da su, sa 2.4 a Low ko Medium, 5 a Medium ko High.

In rauta ɗaya tal gare ka a gida, barin ta a High ba laifi ba ne. Amma ba zai gyara ɗakin baya ba. Maganin ɗakin baya shi ne a matsar da na'urar tsakiyar gida, ko a ja kebul a ƙara wata.

Me lambobin dBm ke nufi, musamman masu alamar ragi?

Ma'aunin ƙarfi ne. 20 dBm daidai yake da miliwat 100, 30 dBm kuma wat ɗaya. Duk ƙarin 3 ninki biyu ne, duk ƙarin 10 ninki goma, saboda haka sauka daga 20 zuwa 17 rage rabi ne cif. Abin da ke isowa wayarka ƙanƙani ne ƙwarai, shi ya sa yake zuwa da alamar ragi, kuma wanda ya fi kusa da sifili shi ya fi ƙarfi. Daga -30 zuwa -50 kana kusa da na'urar. -67 shi ne iyakar da masu tsara Wi-Fi suka saba ɗauka don kiran murya da bidiyo. In ya kai -80 an shiga wahala, domin hayaniyar iska kanta tana wajen -90 zuwa -95.

Buɗe manhajar dubawa ka tashi daga gindin na'urar ka nufi ɗakin da ake kuka da shi, idonka a kan lambar. Za ka ga tana sauka a hankali a cikin falo, kana shige katangar bulo ta yi tsalle ƙasa, kana rufe ƙofar ƙarfe ta sake faɗuwa. Ko juya wa na'urar baya ka yi, jikinka zai rage ta. Inda ta wuce -70, nan ne aikin na'urar ya ƙare.

Wi-Fi na 5 yakan ɓace na ɗan lokaci ya dawo da kansa. Na'urar ce ta lalace?

Duba tashar da yake kai. Daga 52 zuwa 64, da daga 100 zuwa 144, ana raba su da na'urorin rada na yanayi da na jiragen sama da na soja, kuma rada ce ke da fifiko. Tsarin da ke kula da wannan shi ake kira DFS. Kafin na'ura ta fara watsawa a can sai ta yi shiru tana saurare na aƙalla daƙiƙa 60. A ƙa'idar Turai, tashoshi 120 da 124 da 128 minti 10 ake jira. In tana cikin aiki ta ji abin da ya yi kama da rada, dole ta tashi nan take, kuma ba ta komawa sai bayan minti 30. Wani lokaci ba radar ba ce ma, hayaniya ce ta yi kama da ita.

In kana kusa da filin jirgin sama, ko abin yana yawan faruwa, koma 36 zuwa 48, ko 149 zuwa sama in na'urar ta ba ka su. In kuwa bai taɓa damun ka ba, tashoshin DFS sukan fi tsabta, tunda ƙananan rautoci da yawa ba sa zuwa can. Ka dai gwada talabijin da tsofaffin wayoyi, wasu ba sa ganin su.

An ce in na sa Country a wata ƙasa, ƙarfi zai ƙaru. Gaskiya ne?

Lambar tana iya ƙaruwa, amma kada ka yi. Wannan saiti shi ke gaya wa rediyo tashoshin da aka halatta da iyakar ƙarfinsa. A Najeriya hukumar NCC ce ke kula da wannan, a Nijar kuma ARCEP. Ka sa ƙasar da kake ciki. Ban da saɓa doka da yiwuwar shiga hurumin rada, ƙarin ƙarfin ba ya gyara muryar wayar, kamar yadda aka yi bayani a amsar Transmit Power.

Ko da ƙasarka ta ba ka 12 da 13, ka tuna laftof da wayoyin gwanjo da aka shigo da su daga Amurka. A can 1 zuwa 11 ake amfani da su, saboda haka wasunsu ba sa ganin Wi-Fi ɗin da ke kan 12 ko 13 sam. In kowa yana ganin sunan ban da kwamfuta ɗaya, fara dubawa daga nan.

Mode ɗin nan mai b/g/n/ac/ax, wanne zan bari?

Haruffan zamani-zamani ne na ƙa'idar Wi-Fi, wadda ake kira 802.11. Na b ya fito a 1999 da megabit 11, na g a 2003 da 54, na n a 2009, na ac a 2013. A 2018 ƙungiyar Wi-Fi Alliance ta sa musu lambobi: n ya zama Wi-Fi 4, ac Wi-Fi 5, ax Wi-Fi 6. A zangon 5 ka bar shi a gauraye. A 2.4 ka cire b in na'urar ta yarda, ka bar g/n ko g/n/ax.

Dalilin cire b ya wuce tsufa. Muddin yana kunne, na'urar takan aika saƙonninta na gudanarwa a mafi ƙarancin gudu, wato megabit 1, kuma abin da za a aika a 12 cikin ƙiftawar ido yana cin kusan ninki goma na lokacin a 1. A na'urorin ofis za ka ga Minimum Data Rate ko Basic Rate. Sa shi a 12, wannan ya rufe 1 da 2 da 5.5 da 11 gaba ɗaya. Bayan nan ka bi firinta da kyamarori da na'urar POS ɗaya bayan ɗaya ka tabbatar sun hau. In wata ta ƙi, sauko 6.

Suna ɗaya zan ba zangunan biyu ko kowanne nasa? Kuma in ɓoye sunan?

Suna ɗaya ya fi sauƙi, wayoyin yanzu sun iya zaɓa, kuma Band Steering ko Smart Connect yana taimakawa wajen tura su 5. In ka ga talabijin ko laftof yana yawan faɗawa 2.4, ko wata kyamara ta ƙi haɗuwa lokacin saita ta, raba sunayen. Abin da za ka kiyaye shi ne yawan sunaye. Kowane suna yana da shelarsa da ake watsawa kusan sau 10 a daƙiƙa, ko da ba kowa a kansa. Na ma'aikata, na baƙi, na manaja, na kyamara, na akanta, a kan na'urori huɗu: kafin a aika bayanin kowa an riga an ci wani kaso na lokacin. Biyu ko uku sun isa.

Ɓoye suna ba tsaro ba ne. Sunan yana bayyana a iska duk lokacin da wata waya ta zo haɗuwa, kuma wayoyinka za su riƙa kiran sa duk inda ka je da su. Kalmar sirri mai kyau ita ce tsaro.

Shin nau'in tsaro yana shafar gudu?

Ƙwarai kuwa. In ka zaɓi WEP ko WPA mai TKIP, rediyon zai koma gudun da bai wuce megabit 54 ba, ko da sabuwar na'ura ce, domin ƙa'idar n da na bayanta ba sa aiki da su. WEP ma tun 2001 aka fasa shi. Ka sa WPA2 mai AES, ko WPA2/WPA3 a gauraye in duk na'urorinka sun yarda. WPA3 a 2018 ya fito, kuma a zangon 6 ba a karɓar WPA2. Haka nan kada ka kashe WMM, saitin da ke ba murya da bidiyo fifiko, shi ma rashinsa yana mayar da kai 54. Wanda za ka kashe shi ne WPS, hanyar haɗa na'ura da maɓalli ko PIN ba tare da kalmar sirri ba, saboda raunin lambar PIN ɗinsa da aka bayyana a ƙarshen 2011.

Beacon Interval, DTIM, RTS, Fragmentation, Guard Interval: in taɓa su?

Galibi a'a. Beacon Interval tazarar shelar nan ce, kuma 100 da ke wurin yana nufin milisakan 102.4. Bar shi. DTIM yana faɗin bayan shela nawa wayoyin da ke barci za su farka su karɓi saƙon gama-gari. Tsakanin 1 da 3 ya yi, 3 yana ɗan taimaka wa batir. Fragmentation ka bar shi a 2346. Short Guard Interval yana rage tazarar da rediyon ke bari tsakanin guntayen siginar da yake aikawa daga nanosakan 800 zuwa 400, yana ƙara wajen kashi 11 cikin ɗari na gudu, ka bar shi a kunne ko Auto.

RTS Threshold, wanda ke zuwa a 2347, yana da wuri ɗaya da yake amfani. In wayoyi biyu suna ɓangarori biyu na gini, kowacce tana jin na'urar amma ba sa jin juna, sukan yi magana a tare saƙonninsu su yi karo. Rage lambar yana sa kowacce ta nemi izini kafin ta aika babban saƙo. Yana rage karo, yana kuma ƙara jira, don haka sai ka gama da tasha da faɗi da ƙarfi kafin ka zo nan. Airtime Fairness kuwa ka kunna shi inda ake da jama'a, yana hana waya mai jan ƙafa cinye lokacin sauran.

Na sa na'urori uku a makaranta, amma waya tana manne wa ta ofis ko an je aji na ƙarshe.

Wayar ce ke yanke shawarar tashi, ba na'urar ba, kuma yawancinsu ba sa tashi sai siginar ta yi rauni sosai. Aikinka shi ne ka sauƙaƙa mata. Suna ɗaya, kalmar sirri ɗaya, nau'in tsaro ɗaya a duka ukun, amma tasha daban-daban: 1 da 6 da 11 a 2.4, sannan misali 36 da 44 da 149 a faɗin 40. Rage ƙarfi yadda kafin ta farko ta sauka ƙasa da -67 an riga an shiga yankin ta biyu. In akwai 802.11k da 802.11v, kunna su, suna gaya wa waya maƙwabtan da za ta iya komawa. 802.11r yana hanzarta ƙaurar, amma wasu tsofaffin na'urori ba sa jituwa da shi, sai an gwada. Minimum RSSI, wanda ke korar wayar da ta yi rauni, kada ka kunna shi sai ka tabbata akwai wata na'urar da za ta karɓe ta a wurin.

Ka haɗa su da kebul in da hali, yana kai mita 100. Rifita, wato na'urar da ke ƙara nisan Wi-Fi ba tare da kebul ba, in mai rediyo ɗaya ce a tasha ɗaya take saurare ta kuma maimaita, don haka kusan rabin gudun ya tafi.

Ina ya kamata in ajiye ta, kuma yaya zan karkata eriyoyin?

A sama, a tsakiya, a fili. Eriya mai kama da sanda ta gefenta take watsawa, ba ta tsininta ba, saboda haka a gidan da ba bene ka tsayar da su cak. In kana so ta taɓa sama da ƙasa, kwantar da ɗaya. Masu kama da faranti don silin aka yi su, fuskarsu tana kallon ƙasa. Nisanta ta daga bayan talabijin, da firij, da babban madubi, da tankin ruwa, da akwatin ƙarfen inbata. Katangar ƙasa mai kauri ma tana shan sigina, musamman da damina in ta jiƙe.

Kada ka cusa ta a cikin silin a ƙarƙashin rufin kwano don kyan gani. Yawancin na'urorin cikin gida an yi su ne don zafin da bai wuce digiri 40 ba, kuma a watan Afrilu abin da ke tsakanin kwano da silin ya wuce haka da nisa. Na'urar da ta yi zafi takan rage gudu ko ta riƙa kashe kanta tana tashi da rana tsaka. Mai cin wuta ta kebul kuma, ka duba abin da take buƙata: 802.3af wat 15.4 yake bayarwa, 802.3at wat 30, kuma wasu in wutar ba ta ishe su ba sai su rage ƙarfin rediyo ba tare da sun faɗa maka ba.

Kwalin ya ce AC1200, ni kuma gwaji yana nuna mini 20. An cuce ni ne?

Lambar kwali jimilla ce: 300 na 2.4 da 867 na 5, aka cike ta zuwa 1200. Waya ɗaya zango ɗaya take hawa, kuma 867 ɗin sai mai eriya biyu a tashar 80 a kusa da na'urar. Daga ciki ma, abin da ke zama bayanai na gaske yakan tsaya tsakanin rabi da kashi biyu cikin uku, sauran ya tafi a jira da amsawa. Wasu masu araha kuma ramin kebul ɗinsu megabit 100 ne iyakarsa. Bayan duk wannan akwai layin da kamfani ke kawo maka. Haɗa laftof da kebul ka yi gwajin. In nan ma 20 ka gani, rediyon ba shi da laifi, layin ne, kuma in rauta mai SIM ce sai ka nema mata wurin da sabis ya fi ƙarfi, kamar kusa da taga.

Da wanne zan fara, kuma in na ɓata saitin yaya zan dawo?

Kafin ka taɓa komai, ɗauki hoton shafin da wayarka, ka kuma adana kwafin saitin ta Backup. Yi aikin ta kebul, domin duk canjin da ka adana rediyon zai mutu ya tashi, in ta Wi-Fi kake zai yanke ka. Fara da wurin ajiya, sai ƙasa, sai tsaro, sai tasha, sai faɗi, sai ƙarfi. Canja abu ɗaya, ka je ɗakin da ake kuka da shi ka gwada, ka bar shi ya yini a lokacin da jama'a ke kai, sannan ka matsa gaba. In ka canja biyar a tare, ko ya gyaru ba za ka san wanne ya gyara ba.

In ka zaɓi tashar DFS, ba ta minti ɗaya zuwa goma kafin ka ce ta mutu. In sunan ya ɓace gaba ɗaya, shiga ta kebul ka mayar da abin da ka canja. In shafin ma ya ƙi buɗewa, danna maɓallin Reset da tsinke na wajen daƙiƙa 10 tana kunne, ka shiga da abin da ke rubuce a ƙasanta, ka loda kwafin da ka adana. Ka tabbata kana da bayanan shiga layin intanet ɗinka kafin ka danna, musamman in PPPoE ne, wato layin da ake shiga da suna da kalmar sirri daga kamfani, domin su ma za su goge.